Wai da gaske an samo maganin sikila? Masu ilmin abin ku taimaka mini

Baban Yara, Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gidan ga. Don Allah masu ilmin likitanci ku taimaka mini. Daren jiya ina zaune bakin gado a asibiti, yarona na biyu an sa mishi ƙarin ruwa tun la'asar, baya da ƙafafu ke ciwo, ya yi kuka har murya ta dishe sannan barci ya ɗauke shi, ni kuma barcin ya ƙi zuwa sai na ɗauki waya ina dube-dube, nan na ci karo da wani bidiyo ana cewa wai Turawa sun samo maganin sikila na gaba ɗaya, wai jinin ake gyarawa mutum ya rabu da ita. Wallahi sai da hannuna ya yi rawa. Shekararshi 9, tun yana wata 7 muke kan wannan hanya, ranar da hannuwanshi sunka kumbura sunka yi suntum ko taɓawa ba a yi. Na sha jin an samo magani, na sayi na kwalba na sayi na ƙulli, babu wanda ya hana ciwon tashi. Shi ya sa ban ma gaya ma uwarshi ba tukuna, ba ni son in ɗaga mata rai a banza. Gaskiya ne ko irin na 'yan neman kuɗɗi ne?

Mai Kemis, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Allah shi ba yaro lafiya, shi sa kaffara ne. Maganar akwai ta, ba ƙarya ba ce, amma bari ɗalibarmu ta likitanci ta shigo ita ta fi ni iya warware ta.

Ɗalibar Likitanci:
Sannu Baba, ya mai jiki? Allah ya tashi kafaɗunsa. Gaskiya ne. Sunan maganin Casgevy, Ingila ce ta fara amincewa da shi a watan Nuwamba 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba 2023, Baharain da Saudiyya ma sun amince. Amma ba ƙwaya ba ce da za a haɗiya, ba kuma allura ɗaya ba ce a tashi a tafi gida, aiki ne mai tsawo.

Bari in fara da abin da kuka faɗa da kanku, cewa sai da ya kai wata 7 ciwon ya bayyana. Akwai dalili. Jariri a cikin ciki yana da wani irin sinadarin jan jini nasa na daban, na jarirai, wanda ba ya lanƙwashewa ya zama kamar lauje. Bayan haihuwa sai jiki ya riƙa rufe wannan a hankali yana buɗe na manya, wajen wata 6 na manyan ya karɓe aiki, to a jikin mai SS na manyan nan ne mai matsalar. Shi ya sa jaririn sikila yake zuwa lafiya lau, sai an yi watanni a ga kumburi. Masana suka gano ƙwayar gadon da ke kashe na jariran, kamar makunnin wuta take, sunanta BCL11A. Sai suka ce to me zai hana mu lalata makunnin, jinin jarirai ya dawo?

Yadda ake yi: a ɗebi uwayen ƙwayoyin jini na maras lafiyan, waɗanda ke zaune cikin ɓargo suna haifar jini, a kai su ɗakin bincike a yi musu gyaran da wata fasaha da ake kira CRISPR, wadda take kamar almakashi ce mai yanka daidai wurin da aka nuna mata a cikin ƙwayar gado. Sannan a ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji ya share tsohon ɓargon, sai a mayar masa da nasa da aka gyara ta jijiya. Zai yi sama da wata guda kwance a ɗaki na musamman saboda a lokacin ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan. A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, cikin mutum 31 mutum 29 sun yi aƙalla shekara guda cur ciwon bai tashi musu mai tsanani ba. Ta farko da aka yi wa a Amurka wata baƙar fata ce, Victoria Gray, tun 2019.

Baban Yara, Mabera:
Allahu Akbar. 29 cikin 31. Shekara guda babu tashin ciwo, mu da ba mu haɗa wata uku. To ɗiyata nawa ne kuɗɗin, kuma yaro kamar nawa ana yi mishi?

Ɗalibar Likitanci:
Baba nan ne wurin da nauyi yake. Amincewar farko da aka yi ta 'yan shekara 12 ce zuwa sama. Kuɗin kuma a Amurka dala miliyan 2.2 ne, maganin kaɗai, ban da kwanciya asibiti.

Mai Kemis, Runjin Sambo:
Na buga a kalkuleta yanzu, in ka sa dala a naira 1,500 ya kama biliyan 3 da miliyan 300. Mutum guda.

Ɗan Kasuwar Illela:
To ai magana ta ƙare. Ni abin da ke ƙona mini rai ke nan da irin wanga labari, a zo a ɗaga ma talaka hankali da abin da ko gwamna sai ya yi tunani kafin ya biya. Ciwon namu ne, ƙasar ga ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu shi, ana cewa jarirai wajen dubu 150 ake haihuwa da shi duk shekara a Najeriya, amma maganin yana can inda masu ciwon ba su kai ko kusa da namu ba. Kuma ni ban yarda da su ba gaba ɗaya. Mun manta abin da ya faru Kano a 1996 lokacin sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada magani kan yara har maganar ta kai kotu anka biya diyya? Yau su ce suna taɓa ƙwayar halitta, gobe wa ya san abin da za ya fito.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya maganar Kano gaskiya ce, ba wanda zai share ta, kuma saboda irinta ne dole duk gwajin da za a yi a nan a tsaya a kan sai an yi wa iyaye bayani da harshensu sun yarda. Amma wannan bai sa sakamakon Casgevy ya zama ƙarya ba. Kuma ba ɓoye illarsa aka yi ba: maganin share ɓargon nan yana iya hana mutum haihuwa, yana zubar da gashi, yana sa gyambon baki, kuma tun da abin sabo ne an ce sai an bi waɗanda aka yi wa har shekara 15 ana dubawa. Akwai ma wani maganin sikila mai suna Oxbryta da aka janye daga kasuwa a Satumba 2024 bayan an ga alamun cutarwarsa ta fi amfaninsa. Ni wannan yana ƙara mini natsuwa ne, don ya nuna ana bibiya.

Malamin Islamiyya, Gidan Igwai:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu. Tambayata ga ɗiyar nan mai karatun likita, don in san abin da zan ce in an tambaye ni, kuma za a tambaye ni. Wannan gyara da ake yi, yana bin zuriya? Wato wanda anka yi ma, 'ya'yanshi za su gaji gyaran? Domin neman magani ba mu da ja a kanshi, hadisi ya inganta cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Inda malamai ke tsayawa su yi nazari shi ne a taɓa asalin zuriyar ɗan Adam.

Ɗalibar Likitanci:
Allah ya gafarta Malam, ba ya bin zuriya. Ƙwayoyin da ke yin jini kaɗai ake gyarawa, ba a taɓa maniyyi ko ƙwan mace. Wanda aka yi wa, in Allah ya ba shi haihuwa, S ɗin nan zai ba ɗansa kamar yadda zai bayar tun farko. Wancan da kuke tsoro an taɓa yi, wani masani a ƙasar Sin ya gyara ƙwayar gadon jarirai tun suna matakin farko na halitta, maganar ta fito a 2018, masana na duniya suka yi masa ca, ƙasarsa ta ɗaure shi shekara 3.

Wani abin da ke ba ni mamaki Malam, almakashin nan ba ƙirƙirarsa aka yi daga babu ba. A jikin ƙwayoyin bakteriya aka same shi, da shi suke kare kansu, suna yanka ƙwayar cutar da ta shigo musu. Mata biyu, Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier, su suka nuna a 2012 cewa ana iya sarrafa shi a nuna masa inda zai yanka, aka ba su kyautar Nobel a 2020. Daga 2012 zuwa 2023, shekara 11 ke nan daga takarda zuwa amincewa da maganin.

Malamin Islamiyya, Gidan Igwai:
Subhanallah. Abin yana nan cikin halittar da ido bai gani tun fil azal, sai yanzu anka ba mutum ikon ganinshi. Na gamsu da wannan ɓangare, Allah shi ƙara ilmi mai amfani.

Hajiya, Gawon Nama:
Ni duk wanga dogon bayani bai kai gwajin jini kafin aure ba. Riga-kafi ya fi magani. Da mutane na jin magana da ba a kai ga neman biliyan uku ba. AS da AS su haƙura da juna kawai, so ba hauka ba ne. Kano ma sun yi doka a 2024 sai an yi gwaji kafin a ɗaura aure.

Baban Yara, Mabera:
Hajiya wallahi mun yi gwaji. Ina da takardar har yau cikin jakar takardun makarantata, an rubuta mini AA da biro, an buga hatimi. Wani ɗan ƙaramin wurin gwaji ne, ba zan faɗi suna ba. Sai bayan yaron ga ya fara ciwo anka sake auna mu duka a babban asibiti anka ce ni AS ne. Ranar na fi awa guda zaune kan benci ban iya tashi ba.

Mai SS, Arkilla:
Inna Hajiya da girmanki, don Allah a riƙa sassauta irin wannan magana in uba na zaune gaban ɗanshi da ke kwance. Ni shekarata 27 da ciwon ga. Tun ina ƙarama nake jin mata na cewa innata a gabana ai wannan ba mai zama ba ce, kar ki wahal da kanki. Na gama digiri, ina ɗinki, ina koyar da yara. Na san mene ne a ɗauke ka kan kabu-kabu ƙarfe biyun dare kowane rami aka faɗa kamar an soka maka ƙusa cikin ƙashi, na san mene ne ka isa a dube ka a ce ka cika son allura. Gwaji kafin aure ni ma ina kira gare shi, duk ƙawar da ta zo mini da maganar aure shi nake fara tambayarta. Amma mu da anka riga anka haifa fa? Mu ma muna da haƙƙin mu ji an ce ana neman muna magani. Ranar da na fara karanta labarin matar nan ta Amurka rufe ɗaki na yi na yi kuka, ba don ina zaton zan samu ba, don dai na ji cewa ashe abin nan yana da makama.

Kuma Yaya na Illela, ka tuna layin waya da ya fara zuwa ƙasar ga nawa ake sayen shi? Maganin cuta mai karya garkuwar jiki da ya fito wa ke iya saye a Afirka? Yau kyauta ake ba da shi a asibiti. Ban ce gobe ba ne, amma kar a rufe muna ƙofa.

Hajiya, Gawon Nama:
Ki yafe mini ɗiyata, kai ma Baban yara ka yi haƙuri, ban san haka ta faru ba. Jikata na rasa da ciwon ga tana shekara 4, shi ya sa in anka taɓo maganar raina ke tashi. Allah shi ba ku lafiya.

Mai Kemis, Runjin Sambo:
Allah shi jiƙanta Hajiya. Abin da Baban yara ya faɗa yana faruwa ƙwarai, shi ya sa nake ce ma matasa su auna wuri biyu daban, ɗaya ya zan babban asibiti, kuma kar a auna wanda anka yi ma ƙarin jini kwanan nan don sakamakon na iya ruɗewa. Wani kuskuren da nake ji kullum bakin kanta: wai AS da AS in sun haifi huɗu ɗaya ne kawai za ya zan SS. Ba haka ba ne. Kowane ciki da lissafinshi, ɗaya cikin huɗu, sabo fil. Ana iya haifar uku a jere duk SS, ana iya haifar shida babu ko ɗaya.

Ɗalibar Likitanci:
Baba ni yanzu abin da nake so ku riƙe, akwai ci gaban da ya fi kusa da ku fiye da na Ingila, kuma wani a nan arewa aka yi bincikensa. Akwai ƙwaya mai suna haidroksiyuriya, tsohon magani ne, kuma abin sha'awa aikinta ɗaya da wancan mai tsadar ta wata fuska: tana ƙara jinin jariran nan a jiki, sai dai kaɗan, kuma kullum ake sha. An daɗe ana tsoron ba da ita a Afirka, ana cewa ko za ta ƙara wa yara maleriya da sauran cututtuka. Aka yi bincike a Angola da Kwango da Kenya da Yuganda, sakamakon ya fito wajen 2019: tashin ciwo ya ragu, ƙarin jini ya ragu, mutuwa ta ragu, maleriyar ma raguwa ta yi wajen rabi. A Kano kuma, likitocin asibitin koyarwa na Aminu Kano da abokan aikinsu sun nuna cewa ko ƙaramin awo na maganin yana kare yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Ana gane yaran ne da wani hoton kai da ake ɗora na'ura a gefen goshi a auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba zafi ba allura, ana so a riƙa yi wa masu SS daga shekara 2 zuwa 16 duk shekara. An taɓa yi wa yaronku?

Baban Yara, Mabera:
Ba a taɓa ba. Folik asid da maganin maleriya kawai muke sha, sai na ciwo in ya tashi.

Mai Kemis, Runjin Sambo:
To don Allah kar wani ya karanta wannan ya zo kanti ya ce a ba shi. Haidroksiyuriya sai likitan jini ya rubuta, gwargwadon nauyin yaro, kuma ana auna jini lokaci-lokaci don tana iya rage wasu ƙwayoyin jinin fiye da kima. Ka tambayi likitan da ke duba shi, ko ka nemi a tura ku asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo wurin masu kula da jini.

Ma'aikacin Lafiya, Argungu:
Gaisuwa daga maƙwabta. Tun da an taɓo maleriya bari in sa baki, don ita da sikila tare suke tafiya. Dalilin da ya sa S ta yi yawa a ƙasashenmu shi ne mai AS yana da kariya daga maleriya mai tsanani, wani likita Anthony Allison ya nuna haka a gabashin Afirka tun 1954. Amma mai SS ba ya cin wannan riba, shi masassara ɗaya na iya zubar mishi da jini cikin kwana biyu. To yanzu akwai allurar riga-kafin maleriya, R21, jami'ar Oksfod ta haɗa, ana sarrafa ta a Indiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoba 2023. A Najeriya jiharmu ta Kebbi da Bayelsa anka fara, Disamba 2024, kyauta. Sau huɗu ake yi, wata 5, wata 6, wata 7, sai ta ƙarshe a wata 15. A gwajin da anka yi a wuraren da maleriya ke zuwa da damina irin namu ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. Matsalar da muke gani uwa ta kawo yaro ta farko da ta biyu, ta huɗun sai an bi ta gida. Kuma ba ta maye gurbin gidan sauro ba, ko maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina.

Ɗan Kasuwar Illela:
Wannan kam na yarda da shi tun da ana ganin shi a ƙasa. To dashen ɓargo da nake ji ana yi a Najeriya fa, shi ma biliyoyin ne?

Ɗalibar Likitanci:
Bai kai nan ba Yaya, amma miliyoyi ne masu yawa. An fara yin sa a asibitin koyarwa na Benin a 2011, asibitin koyarwa na Legas ma ya fara a 2024. Yana warkarwa, sai dai an fi samun nasara in akwai ɗan uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ɓargonsu ya dace, kuma ba kowa ke da shi ba, sannan akwai haɗarin sabon ɓargon ya juya ya yaƙi jikin. Fifikon Casgevy ke nan, naka ake mayar maka. Abin da masana ke nema yanzu shi ne a yi gyaran a cikin jiki kai tsaye, ba sai an fitar da ɓargo an share ba. A 2025 a Amurka an yi wa wani jariri mai wata cutar hanta ta gado irin wannan gyara ta hanyar ƙarin ruwa kawai. Hanta ta fi ɓargo sauƙin kaiwa, shi ya sa na sikila bai iso ba tukuna, amma nan aka dosa, kuma in ya samu shi ne irin wanda asibitocinmu za su iya ɗauka.

Mai SS, Arkilla:
Baba kafin nan, hunturu na tafe. Safa da rigar sanyi tun kafin asuba, kar a yi mishi wanka da ruwan randa, kuma ruwan sha kar ya rabu da shi ko ba ya jin ƙishi, ni gora biyu nake ajewa kusa da keken ɗinki. Ku gaya ma malaminsu na boko da na allo kar a hana shi fita shan ruwa ko fitsari, kar kuma a sa shi tsallen kwaɗo. In ya warware ku kawo shi ya gan ni in kuna so, yara na son su ga babba mai irin ciwonsu yana harkokinshi.

Baban Yara, Mabera:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah shi saka. Na rubuta sunan ƙwayar da na hoton kan a bayan katin asibiti, in likita ya zagayo da safe zan nuna mishi. Uwarshi ta iso da abinci yanzu na karanta mata duka tun daga sama, ta ce a gaida mai ɗinki, za mu zo in sha Allahu. Yaron ya farka ya sha kunu rabin kofi, ya ce ƙafar dama ta daina, saura bayan. Sun ce jininshi ya yi ƙasa, za a sake aunawa da yamma, in bai hau ba sai an ƙara mishi leda guda. O ne, mai alamar tarawa.

Mai Kemis, Runjin Sambo:
Ni O ne kuma AA, rabona da ba da jini tun kafin azumi. Turo mini ɗakin da kuke ta akwatin sirri, in na rufe kanti bayan la'asar ina nan tafe.